Kada Ka Sa Hannu a Bakin Kare

Ya kai mai karatu, idan akwai kare a gidanka, ko a gonarka, ko a wajen turken dabbobinka, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci. Zan ba ka labarin wani kuskure da na yi da bakina, hannun ɗana ya biya, da kuma wata kalma guda da na koya wa karena daga baya, wadda da na koya masa ita tun farko, da ba mu shiga abin da muka shiga ba.

Ni mazaunin Gagarawa Tasha ne, garin da ya samo sunansa daga tashar jirgin ƙasa ta layin dogon da ya taso daga Kano ya nufi Nguru. Kamar yawancin mutanen ƙasar Gumel, ina noman gero da riɗi, ina kuma da 'yan awaki da tumaki. Saboda su ne na karɓo wani ɗan kwikwiyo a wurin wani Bafulatani da muka saba haɗuwa da shi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Yara suka raɗa masa suna Bar-su. A wajen turke yake kwana, ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar wurin salla. Ya shekara biyu tare da mu bai taɓa cizon kowa ba. A cikin shekarun nan biyu ban taɓa kai shi an yi masa allura ba, ban kuma koya masa kome ba in ban da "zo" da "tafi". A ganina a lokacin, kare dai kare ne: ka ba shi ƙanzo, ya yi maka haushi da dare, an gama.

Wata ranar kaka aka yi sunan ɗan ƙanena a gidanmu. An yanka rago, mahauci yana fiɗa a bayan zaure, sai Bar-su ya faki ido ya sure ƙafa guda, ya ruga ƙarƙashin rumbu. Wanda ya fi kusa da shi a lokacin shi ne yaron wajena, ɗan shekara takwas, wanda ba zan kama sunansa ba domin ɗan fari ne. Kunya ta kama ni a gaban baƙi, na daka masa tsawa na ce, "Kai, ƙwato ta mana!" Yaro ya yi abin da ubansa ya ce. Ya durƙusa, ya zura hannu, ya kama ƙafar ragon ya ja. Karen ya yi gurnani sau ɗaya, ya saki ƙafar, ya kama hannun. Bai daɗe da riƙewa ba, amma haƙora biyu sun shiga tsakanin babban yatsa da manuni, jini yana zuba.

Nan take gida ya cika da likitoci. Wani ya ce a zuba toka, wata ta ce a daka barkono a shafa, wani ya ce a ɗaure da tsumma a ƙyale, tunda karen gida ne. Samari kuwa har sun ɗauko sanduna za su kashe shi. Allah Ya taimake mu, cikin 'yan suna akwai wata ma'aikaciyar lafiya, 'yar uwar mai jego. Ta ratsa mutane ta kama hannun yaron, ta ce a kawo sabulu da buta. Ta dube ni ta ce, "Malam, riƙe agogo. Minti goma sha biyar za mu yi muna wankewa, kada a rage ko ɗaya. Kuma kada wanda ya taɓa karen nan. A ɗaure shi, a riƙa ba shi abinci da ruwa." Yaro yana kuka, ana tsiyaya ruwa ana cuɗawa da sabulu, buta tana ƙarewa ana cika wata. Ban taɓa sanin minti goma sha biyar na da tsawo haka ba.

Daga nan muka hau babur. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa sun wanke raunin sun sa magani, amma ba su da allurar ciwon haukan kare a ranar, sai muka wuce Gumel, inda aka samu aka fara yi masa, aka haɗa da allurar tetanus da maganin hana rauni ruɓewa. Ba a ɗinke wurin ba. Likitan ya ce cizon kare ba a gaggawar rufe shi, don kada a kulle ƙwayar cuta a ciki. Ya rubuta mana ranakun da za mu dawo, ya ja kunnena kada in tsallake ko ɗaya. Kafin a gama, sai da na sayar da tunkiya. Kuɗin ƙafar ragon da na so ƙwatowa bai kai na man babur ɗin zuwa ɗaya ba.

A wannan zirga-zirgar ne na fahimci girman abin da na yi wasa da shi, kuma ina so kai ma ka fahimta tun kafin ya zo kanka. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe, ko ido da baki. Daga nan sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su fito, amma tana iya fitowa cikin mako guda, tana kuma iya kai shekara. Wannan jinkirin shi ne tarkon: rauni ya warke, an manta, sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi, ya kasa haɗiyar ruwa, yana firgita da iska. Idan aka kai nan, kusan ba wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ne ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Alhali allurar da ke hana shi ta daɗe a duniya. Tun a 1885 a Faransa Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuma ya rayu.

Kwana goma Bar-su ya yi a ɗaure. Hikimar ita ce, karen da yawunsa ke ɗauke da ciwon a ranar da ya yi cizo, alamu za su bayyana a jikinsa ko ya mutu cikin kwana goma. Da samari sun kashe shi a ranar, da mun rasa wannan shaida. Sai dai ka lura, ba a zama jiran kwana goman kafin a fara allura. Ana farawa a ranar, likita ne zai yanke abin da za a yi daga baya. Kowace asuba kafin in tafi masallaci sai na haska shi da tocila, in duba idonsa, in duba ko ya sha ruwan da aka ajiye masa. Ban taɓa gaya wa uwar yaron abin da nake dubawa ba, ita ma ba ta tambaye ni ba, amma na san ba ta barci. Ran na goma ya tarye ni yana kaɗa jela, ya cinye tuwonsa tas. Muka yi wa Allah godiya, muka ƙarasa allurai kamar yadda aka rubuta.

Da hankali ya kwanta, sai na yanke shawarar rabuwa da karen. Na nufi wajen wani dattijo mafarauci a wani ƙauye kusa da mu, wanda ya tsufa cikin karnuka, in roƙe shi ya karɓe shi. Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wa ya fara kai hannu, yaron ko karen?" Na ce yaron. Ya ce, "Wa ya aike shi?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To, kare bai san sata ba, bai san suna ba, bai san kunyar baƙi ba. Abin da ke bakinsa nasa ne, haka aka halicce shi. Mu da muke farauta, idan kare ya kama zomo bai saki ba, kafin ka iso ya zama kaca-kaca, ba abin yankawa, ba abin kai wa gida. Shi ya sa kalmar farko da muke koya masa bayan sunansa ita ce saki. Koma da abinka, zan nuna maka."

Na ce, "Baba, ai ya girma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ya yi dariya ya ce kwikwiyo ya fi saurin ɗauka, gaskiya ne, amma babban kare ma yana koyo muddin yana jin yunwa kuma mai shi yana da haƙuri. Ya kuma hana ni amfani da kalmar "bari", domin ta yi kama da sunan karen, zai ruɗe. Kalma ɗaya, gajeriya, kowa a gida ita zai riƙa faɗa.

Ga yadda ya koya mini. Daga baya na bayyana wa wani malamin dabbobi, ya ce haka masu horar da karnuka suke yi a ko'ina. Tushen abin musaya ne, wato kare ya gane cewa sakin abu riba ce gare shi. Kana farawa da abin da bai dame shi ƙwarai ba, kamar guntun igiya mai kauri. A aljihunka kuma akwai abin da ya fi so, gutsattsarin ƙuli-ƙuli marar yaji ko ɗan busasshen nama. Kada ka yi amfani da kilishi ko tsire, domin albasa da tafarnuwa suna cutar da jinin kare, yaji kuma yana ɓata masa ciki. Ka zaɓi lokacin da bai ci abinci ba, a wurin da ba hayaniya, ba yara, ba kaji. Ka yi masa wasa da igiyar har ya kama. Sai ka tsayar da hannunka cak, ka ce "saki" sau ɗaya da murya a kwance, ka kawo ƙuli-ƙulin kusa da hancinsa. Ba zai iya ci da igiya a baki ba, dole ya buɗe. Da zarar ta faɗi, ka yabe shi, ka jefa masa ladan a ƙasa ɗan nesa kaɗan, ka ɗauki igiyar yana can yana ci.

Sai abin da ya fi ba ni mamaki: dattijon ya ce in mayar masa da igiyar. Na ce, "Baba, to mene ne amfanin karɓa?" Ya ce idan duk sanda kare ya saki abu ya tafi ke nan, zai koyi cewa "saki" asara ce, gobe sai ya ruga da shi ko ya haɗiye. Amma idan ya ga ya ci lada kuma abinsa ya dawo, zai riƙa saki da gaggawa. Ranar da ka karɓi abin da ba za ka mayar ba, ba zai dame shi ba, domin sau ɗari an mayar masa.

Minti biyar ya isa a zama ɗaya, safe da yamma. Bayan 'yan kwanaki, idan ya fara saki da jin kalmar, sai ka daina nuna masa abincin tukuna. Ka faɗi kalmar hannunka wayam, in ya saki sannan ka ciro lada daga aljihu. In ba haka ba zai saba da cewa sai ya ga abu a hannu yake biyayya. Daga nan ka riƙa hawa mataki-mataki: tsohon takalmi, guntun fata, sannan ƙashi. Duk sanda abin bakinsa ya ƙara daraja, ladan ma ya ƙara daraja, don ba mai sakin nama saboda ƙanzo. Ka kuma riƙa sauya wuri, yau tsakar gida, gobe wajen turke, jibi gona, domin kare yakan ɗauka darasin na wurin da aka koya masa ne kaɗai. Idan ya gaza a wani mataki, ka koma na baya. Ni sai da na yi kusan wata biyu kafin Bar-su ya saki ƙashi da kalma ɗaya, kuma sau biyu ina komawa farko saboda gaggawata.

Abubuwa uku ya hana ni, kuma su ne ainihin abin da yawancinmu muke yi. Kada ka bi kare da gudu, domin a wurinsa wasa ne ko tsere, kuma ya fi ka gudu. Kada ka doke shi don ya saki, domin duka yana koya masa cewa hannun mutum abin tsoro ne idan yana da abu a baki, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Kada ka buɗe bakinsa da ƙarfi. Ka kuma koyi karanta jikinsa: idan ya sandare, ya sunkuyar da kai a kan abin, ya zuba maka ido ta gefe, ya ɗage leɓe ko ya yi gurnani, to gargaɗi yake yi. Ka ja baya, ka jefa abinci nesa da shi, in ya tafi ci ka ɗauke abin da sanda. Kada ka hukunta shi don ya yi gurnani, domin karen da aka hana gargaɗi zai riƙa cizo ba sanarwa. Bar-su ya gargaɗi ɗana a ranar nan. Yaron bai san ma'anar gurnanin ba, ni kuma da na sani ina can ina daka tsawa. Horon nan aikin manya ne. Abin da za a koya wa yara guda ne: idan kare ya ɗauki abu, ko takalminka ne, ko abincinka, ka ƙyale shi ka kira babba.

Kila ka ce, me ya sa za a sha wannan wahala a kan kare? Dubi abubuwan da karnukanmu ke ɗauka a juji da gona. Akwai mataccen ɓera da ya ci guba, akwai robar maganin feshi da aka yar bayan an fesa wa wake, akwai ƙwayoyin magani da suka zube, kuma farasitamol da muke sha kamar ba kome ba yana iya kashe kare. Akwai ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soki hanji. Sannan akwai wanda ya fi shafar lafiyar iyalinka kai tsaye. Idan an yanka dabba, musamman lokacin layya, aka ga huhu ko hanta da ƙululai masu ruwa, al'adarmu ita ce a yanke a jefa wa kare. Waɗannan ƙululan 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce da ke girma a hanjin kare. Ƙwanta yana fita a kashinsa, ya manne a gashinsa da ƙasa da ganye, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Bayan shekaru sai irin ƙululun nan ya tsiro a hantar mutum ko huhunsa, wani lokaci sai an yi tiyata. Irin wannan nama binne shi ake yi da zurfi ko a ƙone. Idan kuwa kare ya riga ya sura, kalmar "saki" ce kaɗai za ta karɓo shi ba tare da an zubar da jini ba.

Amma akwai inda horo ba ya aiki, kuma wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe daga duk maganata. Ba kowane mahaukacin kare ne ke yawo yana cizon mutane ba. Wani yakan yi laushi ne, haɓarsa ta saki, baki a buɗe, yawu na dalala, ya kasa haɗiya, yana kakari kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a maƙogwaro. Mai shi, don tausayi, sai ya zura hannu zai ciro ƙashin, alhali ba ƙashi, yawu ne cike da ƙwayar cuta, ga kuma 'yar tsaga a yatsa. Wani kuma yakan kama tauna abin da kare mai lafiya ba ya ci, kamar icce da dutse da ƙasa. Idan ka ga haka, ko ka ga halin karenka ya sauya farat ɗaya, mai fara'a ya koma mai faɗa ko mai faɗa ya koma lagwani, kada ka gwada masa wata kalma, kada ka taɓa bakinsa. Ka killace shi daga nesa, ka janye yara da dabbobi, ka kira malamin dabbobi. Duk wanda yawun ya taɓa wa rauni, a wanke a kai shi asibiti, ko da ba a cije shi ba.

Saboda haka horo rabin aiki ne, ɗaya rabin allura ce. Ana yi wa kare rigakafin ciwon hauka tun yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa yadda malamin dabbobi ya tsara, a nan ƙasar yawanci shekara-shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, ciwon yakan daina yawo a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma a wurare da yawa akan yi gangamin allura a lokacin, don haka ka riƙa tambaya a ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku. Ka roƙi a haɗa masa da maganin tsutsar ciki. Idan kuwa cizo ya riga ya faru, ko na karen gida ne, ka tuna da tsarin da ya cece mu: sabulu da ruwa mai gudana na minti goma sha biyar, ba toka, ba barkono, ba ɗaurewa tam, sannan asibiti a ranar. Idan raunin mai zurfi ne, ko a fuska, wuya ko yatsu, ka tambayi likita game da wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin da kewayensa, wadda ke ba da kariya nan take kafin rigakafin ya fara aiki. Mace mai ciki da jariri ma ana yi musu, ba a hana kowa.

Bar-su yana nan har yanzu, takardar allurarsa tana cikin jakar da nake ajiye katin asibitin yara. A bara da damina ya fito daga gonar maƙwabci da mataccen ɓera a baki, a daidai lokacin da mutane ke zuba guba a rumbuna. Ƙaramar 'yata tana tsaye kusa da shi. Ba ta matsa ba, ta juyo ta ce, "Baba, ga shi ya ɗauko wani abu." Na ce "saki" daga inda nake zaune. Ya ajiye, ya zo ya tsaya a gabana yana jiran ladansa. Na aiki yayanta ya kawo ƙuli-ƙuli, na ɗauki ɓeran da shebur na binne.

Tabo biyu ƙanana suna nan a hannun yaron, ina ganinsu duk sanda muka sa hannu a kwano ɗaya. Shi ya manta zafin, har yakan nuna wa abokansa yana dariya. Ni ban manta wanda ya aike shi ba. Idan kana da kare, ka nemi guntun igiya da ƙuli-ƙuli yau da yamma, ka kuma tambayi inda ake allura kafin mako ya fita, don ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.